Jar Waya da Baƙar Waya

A shekarun da farar hula suka dawo mulki, kuɗin mai suka cika Abuja, ni shara nake yi a wani ɗakin bincike, kullum daga Karmo nake zuwa. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma abin da zan faɗa har yau ban gama gane shi ba.

Shugabar ɗakin wata Dakta ce. An kawo mata buhunan wasu baƙaƙen ƙwayoyi kamar kashin awaki daga matatar mai. Ta ce da su ake tace mai, sun gama aiki, amma akwai ƙarfe mai tsada a cikinsu. Ta niƙa su, ta zuba a ruwan asid cikin wani baho na gilashi. Faranti ɗaya ta binne cikin garin da jar waya, ɗaya ta rataye a ruwan da baƙar waya, ta kunna wuta. A hankali wanda ke rataye ya yi ɓawo mai ruwan toka.

"Dakta, in wanke wannan dattin?"

"Malam, ka rufa mini asiri! Dattin nan shi ne aikin. Kar ka taɓa."

Wata Juma'a ina goge ƙasa, sandar mofa ta fizge wayoyin biyu. Na mayar da su cikin sauri. Wacce ke ina, ban tuna ba. Na ga fitilar injin da ke ba su wuta ta kama, na ce shi ke nan, na tafi masallaci.

Ran Litinin Dakta ta cire wayoyin ba tare da ta lura ba, ta ɗago farantin da ke rataye fes, kamar an kankare. Baba maigadi, wani dattijo ɗan Yangoji, shi ke riƙe makulli Asabar da Lahadi. Ogan ma'aikata ya kira shi gabanmu.

"Baba, wace panteka ka kai ƙarfen ka sayar?"

"Oga, ka ji tsoron Allah. Ni da nake zaton miyar kuka ce ta lalace a bahon?"

Wasu suka yi dariya. Aka karɓe makullin, aka sallame shi.

Ina tsaye da tsintsiyata. Na ce a raina ai ni ban kankare komai ba, kuma ta yaya waya za ta ci ƙarfe? Da gaske ban ga haɗin ba. Amma da gaske kuma na ji tsoro, na yi shiru. Mako biyu ina wannan lissafin kafin na faɗa wa Dakta.

Ta ɗora hannu a ka. Ta sa safar roba, ta zaro farantin da ke binne, sai ga ɓawon a jikinsa. Ta ce na juya wutar ne, ƙarfen ya narke ya koma can. Ta yi mini bayani sau uku, ina cewa to.

Ni aka aika Yangoji in kira Baba. Na same shi yana kaftun doya.

"Ka ce wa Dakta na gode. Doya ba ta taɓa ce mini ɓarawo ba." Ya dafa ƙotar garma ya dube ni. "Kai kuma, ɗana, ran nan ba kana wurin ba?"

"Ban gane ba ne, Baba."

"Ba ka gane wayar ba, ko ba ka gane ni ba?"

Na nemi gafara, ya ce ya yafe. Ya ba ni doya biyu, ya koma kan kunyarsa, bai dawo aikin ba.