Gugguru Mai Kala na Maman Lesedi

A garin Soshanguve na Afirka ta Kudu, biki ba ya cika sai da gugguru mai kala na Maman Lesedi. Tun tana budurwa ta koya a wajen gwaggonta: a fasa masara, a narka sukari da garin kala, a yi ta juyawa har ya kama kowace ƙwaya. Ka ɗauke hannu kaɗan, sukari ya ƙone, tukunya guda ta tashi a banza. Shi ya sa duk Kirsimeti, duk aure, tana can kicin, kiɗa ma ta bango take jin sa. Faratanta kuwa sun rine, ja da kore, sabulu ya gaza.

Ta sha rantsuwa ta daina. Sai maƙwabciya ta leƙo ta katanga: "Haba Mama, bikin ɗan autana ne fa! Naki kawai yake ambato." Sai ta ja tsaki, ta ɗora tukunya.

Da ta cika sittin, 'ya'yanta suka haɗa mata walima. Ta sa farar riga, ta zauna cikin rumfa kamar baƙuwa. Ko gyara zama ba ta gama ba 'yarta Lesedi ta raɗa mata: "Mama, jikokinki sun tubure, wai na kanti ba daɗi. Tukunya ɗaya tak, don Allah."

Sukari na tsakiyar tafasa aka soma waƙar taya ta murna a waje, ana ta kiran sunanta. Ta dubi ƙofa, ta dubi tukunya, ta ci gaba da juyawa.