Tsirkiyar da Dastagir Bai Sassauta Ba

Shekara ashirin da uku ina zaune bayan kantar wani kamfanin aika kaya a garin Miraj, kuma ban taɓa ganin wanda ya shigo ya ce mini sannu da aiki don kayansa sun isa lafiya ba. In kaya sun isa, Allah ne ya kai su. In sun fashe, Pandurang ne ya fasa, wato ni. Na saba da wannan, amma har gobe ban daina jin haushinsa ba. A duk layin masu sassaƙa sitar da tanpura, wato kayan kiɗa masu tsirkiya, mutum ɗaya ne bai taɓa zuwa mini da ƙorafi ba. Ba wai yana ganin mutuncinmu ba ne, kayansa ne ba sa fashewa. Sunansa Dastagir.

Ƙanen Ustaz Gulab ne, wanda duk layin suka yarda babu kamarsa wajen haɗa tanpura. A nan gwanin sana'a ake kira Ustaz. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, a shago ɗaya suka tashi, amma rabo ya bambanta. Gulab ya samu kunne da hannu. Dastagir ya samu kunnen, hannun sassaƙa ne bai samu ba. An ce sai da ya ɓata duma bakwai kafin mahaifinsu ya karɓe wuƙar daga hannunsa ya miƙa masa igiya da almakashi, ya ce ya je ya riƙa ɗaure abin da wasu suka yi. Wani zai ɗauki wannan a matsayin wulaƙanci ya yi zuciya ya bar gida. Shi kuwa ya rataya almakashin a wuya, ya yi shekara arba'in da shi.

Gajere ne, yana ɗan ɗingishi, kullum da ɓurɓushin ciyawar shinkafa a gemunsa. Matarsa ta rasu tun suna da ƙuruciya, ba su haihu ba, bai kuma sake aure ba. Yana kwana a ɗakin da ke bayan shagon yayansa, da rana ya ci gurasar dawa da albasa a tsaye, wai zama yana ɓata lokaci.

Wanda bai taɓa ɗaukar tanpura ba zai ga tsawon wuyanta da girman cikinta ya zaci abu ne mai ƙarfi. Cikin nan kuwa duma ne kawai da aka shanya, kaurinsa bai kai ɗan yatsa ba, kuma tsirkiya huɗu na ƙarfe suna jan wuyan zuwa gare shi dare da rana. A ɗaki ba komai. Amma a sa ta a bayan babbar mota, rana ta dake ta, ramukan hanya su yi ta jijjiga ta, itacen zai motsa, ƙarfen kuma ba zai daina ja ba. Shi ya sa aikin Dastagir yake farawa daga wuri ɗaya kullum. Zai murɗa kunnuwan, wato 'yan sandunan da ke ɗame tsirkiya, har tsirkiyoyin su saki, ya zare jakin, wato ɗan ƙashin raƙumin da tsirkiya ke hawa kansa, ya naɗe shi a auduga. Daga nan ne zai lulluɓe duman da tsofaffin zannuwa, ya cusa ciyawa, ya rataye ta a cikin akwatin katako yadda ba ta taɓa bango ko ɗaya. Duk wanda ya gani yana ɗaure kaya bai fara da kunnuwa ba, sai ya tsaya a kansa ya ce, “Wannan likkafani kake yi mata, ba ɗauri ba.”

Ina kiransa bhai, wato ɗan'uwa, amma ni da shi kullum cikin tsiya muke. Zai turo amalankensa bakin ofis ya ɗaga murya.

“Pandu! Fito ka karɓi amanar mutane, ka miƙa wa 'yan damben nan naku.”

“Dastagir-bhai, wannan akwati ne ko ɗakin haya? Sikelina ba na auna shanu ba ne.”

“Da kun iya ɗaukar kaya kamar mutane, ai da a jarida zan naɗe muku. Rubuta, banza. Ka rubuta ‘sama’ a sama, tunda yaranku ba su san sama da ƙasa ba.”

Sai in aika a kawo mana shayi, ya sha yana kushe shi. Ina son mutumin nan, ko da yake ban taɓa gaya masa ba.

Shekara uku da suka wuce ciwon ƙirji ya kama Ustaz Gulab. Aiki ɗaya ya rage a hannunsa, tanpurar wata mawaƙiya da ke can garin Banaras mai nisa, Kamalini-bai, wadda ta yi shekara biyu tana jira ba ta taɓa matsa masa ba. Jiki ya gamu, wuya ya gamu, saura abu na ƙarshe, wanda shi ne ainihin sana'ar. Ana goge bayan jakin da sannu da sannu, sannan a zura ɗan zare ƙarƙashin kowace tsirkiya, a yi ta matsar da shi har a samu inda muryar take buɗewa. In zaren ya gusa ko da kaurin gashi ne, murya ta canja. Saboda haka duk tanpurar da ta yi tafiya, a can ne wani yake sake ɗora jakin ya sake neman muryar, kuma abin da mai ita za ta ji rabi na maƙerinta ne rabi na baƙo. Kowa ya san haka, kowa ya haƙura da haka.

Gulab ya yi mako biyu a kan wannan jaki, yana goga yana tari, Dastagir na riƙe masa wuyan. Ranar wata Talata da hantsi ya kaɗa tsirkiyoyin huɗu, ya saurara har ƙarar ta mutu, ya ce, “To, ta yi magana.” Ranar Alhamis ya rasu.

Kwana goma bayan jana'iza Dastagir ya turo amalanken. Watan Mayu ne, kwalta har narkewa take yi. Bai kira ni daga waje ba, bai ce 'yan dambe ba. Muka kama akwatin mu biyu muka ɗora a sikeli, gefensa ya ɗan bugi ƙarfen. Sai na ji wani amo daga ciki, siriri, mai tsawo, ya daɗe kafin ya ɗauke. Na ɗora akwatunansa sun fi dubu a wannan sikeli, ban taɓa jin ɗaya ya yi ƙara ba. Sakakkiyar tsirkiya ba ta magana.

Na ce, “Dastagir-bhai, yau kayanka na waƙa.”

Bai kalle ni ba. Ya ce, “Kunnenka ne. Rubuta.”

Na riƙe biro ina kallonsa. Idonsa ya faɗa, gemunsa ya ƙara fari a kwana goma. Na ce a raina, ni wane ne da zan koya wa Dastagir ɗaurin kaya, mutumin da yake cikin makoki? Na rubuta. Na ce masa kwana biyar za ta isa, na buga hatimi. Wannan shirun nawa shi ne abin da ya fi damuna a duk shekarun da na yi a aikin nan.

Kwana biyar suka cika ba labari. Kullum da safe sai ya zo ya tsaya a bakin kanta, ba ya zama, ba ya shan shayi. Na yi ta buga waya har na gano motar ta lalace a Nagpur, an sauke kayan a filin ajiya, sun kwana biyu a tsakar rana ba rumfa. Na zagi wanda ya ɗauki wayar, na zagi ubangidansa, ba abin da zagin ya ƙara. Da na gaya wa Dastagir, sai ya dafa kantar da hannu biyu, ya ce, “Rana? Kwana biyu?” Daga nan ya fita.

Rana ta sha ɗaya Kamalini-bai ta kira ofis, domin Dastagir ba ya riƙe waya. Ta ce ta buɗe akwatin ta tarar wuyan ya rabu da duman. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce za ta mayar da ita.

A ranar na ga abin da ban taɓa gani ba. Dastagir ya tsaya a tsakiyar titi yana ihu, ya kira mu ɓarayi, ya kira mu marasa imani, ya ce mun kashe masa ɗan'uwa sau biyu. Masu shaguna suka taru, kowa ya tuno tsohon haushinsa ya zuba mini. Wani ya ce dama kamfanin nan jifa suke yi da kaya, wani ya ce a daina ba mu aiki. Raina ya ɓaci. Kalma ɗaya ce a bakina, da na faɗe ta da taron ya watse. Ban faɗa ba, don in na ce na ji amon, sai a tambaye ni abin da ya sa na buga hatimi.

Bayan mako biyu akwatin ya dawo. Na sa aka kai shi ɗakin baya, na aika a kira Dastagir, na rufe ƙofa. Muka zagaya shi. Ba inda ya lotse, ba inda ya tsage, ko kusurwa ɗaya ba ta goge ba. Ya zare ƙusoshin da kansa. Ciyawa na nan yadda ya cusa ta, zannuwa na nan. Duman bai fashe ba. Wuyan ne ya tsage daga gindinsa ya sunkuyo gaba, irin karyewar abin da aka ja, ba wanda aka buga ba. Jakin ya rabe biyu a ƙarƙashin tsirkiyoyin, kunnuwan huɗu kuma suna nan a ɗame yadda aka bar su.

Ya zauna a ƙasa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya tsinci ɗan zare guda a cikin ciyawa ya riƙe.

“Na kai hannu sau uku, Pandu,” ya ce. “Wallahi sau uku. Yayana ne ya murɗa su. In na kwance, shi ke nan, ba mai sake murɗa su haka. Na ce bari Kamalini-bai ta ji shi sau ɗaya, shi kaɗai, ba hannun kowa a ciki. Kwana biyar ne kawai, na ce tanpurar za ta jure kwana biyar.”

Na ce, “Mu muka bar ta a rana, bhai.”

“Ku ai kullum kuna barin kaya a rana. Don haka nake da aiki.”

Na so in gaya masa na ji amon ran nan, cewa da na buɗe baki da ba mu zo nan ba. Na fara, ya ɗaga mini hannu. Ya ce ya sani, ya ga fuskata, kuma da na matsa masa da ya kwashe kayansa ya kai wani kamfanin. Ban san ko gaskiya ya faɗa ko sauƙaƙa mini yake yi ba.

Washegari ya bi layin shago shago da ɗingishinsa, yana tsayawa a kowace ƙofa yana cewa, “Ba su ba ne, ni ne. Ban sassauta ba.” Ba wanda ya zage shi. Tausayinsa suka riƙa ji, suna ba shi kujera, suna cewa ai makoki ne, kuma na san wannan ya fi zagi yi masa ciwo.

Maƙwabcinsu Ustaz Mainuddin ne ya karɓi gyaran. Ya haɗa wuyan yadda ba za ka ga tabo ba, ya sassaƙa sabon jaki, ya nemo mata murya. Murya ce mai kyau, ba wanda zai kushe ta. Dastagir ya ɗaure ta bisa ƙa'ida, ya kawo, ya ce wannan ne akwatinsa na ƙarshe, kuma ya cika maganarsa. Yanzu buhunan kurkum yake ɗinkewa a kasuwar garin Sangli. Tanpurar kuwa, don baƙin ciki, kwana biyar cif ta yi a hanya.

Kamalini-bai ta sake kira, ta ce a haɗa ta da ƙanen Ustaz. Na aika ya zo, na miƙa masa wayar, ina tsaye kusa har ina jin muryarta. Ta ce an ɗora mata jakin, ta zauna da ita tun safe ta kasa ajiyewa. Ashe ba wanda ya gaya mata jakin sabo ne. Ta ce tana kaɗa tsirkiyar farko ta gane hannun Ustaz Gulab, ba za ta taɓa ɓata shi da na wani ba, kamar yana zaune a ɗakin tare da ita. Ta ce Allah ya saka masa da ya kawo mata yayansa har gida.

Dastagir ya ce, “Eh, Bai.” Ta ci gaba da magana, ya sake cewa, “Eh, Bai. Na gode, Bai.”

Ya ajiye wayar a hankali a kan kantar.

“Ba shi ba ne, Pandu,” ya ce. “Ranar Talatar nan mu biyu ne muka ji ta, ni da shi. Ni kuma na fara mantawa.”

Na ce ya zauna in aika a kawo shayi. Ya ce motar Sangli za ta tashi, ya fita.