Ruwan da na hana Inna

Shekarun baya, ina zaune da mahaifiyata mu biyu a gidanmu na Tudun Wada, babban aikina shi ne ɓoye ruwa.

Ƙodarta ta gaza, gigin tsufa kuma ya riga ya kwashe mata sunayenmu. Sau biyu a mako nake sa ta a keke mu tafi wankin ƙoda. Likita ya ce kada ta wuce kofi biyu a yini, in ba haka ba ruwan ya taru mata a ƙirji. To, yaya za ka yi da wadda ta sha yanzu ta manta yanzu? Na kife randa, na rataye butar alwala can sama. Ni da ko kaza ban iya kora ba, sai ga ni mai gadin famfo.

Wata rana maƙwabciyarmu ta shigo gaisuwa, Inna ta riƙe mata hannu. "Baiwar Allah, taimake ni. Yarinyar da aka ajiye min ba ta da imani, ruwa ma hana ni take." Na shige kicin na yi kukana.

A asibiti kuwa sai an ɗaure mata hannu, don fizge robar injin wankin take yi. Awa huɗu tana kiran mahaifiyarta. Likitan ya ja ni gefe ya ce, "Hajiya, da wannan jikin, kwana kaɗan injin zai ƙara mata, wahalar kuma kina gani. Ana iya dainawa a kula da ita a gida. Ku yi shawara."

Na kira yayana a Abuja. "Ke ce kusa, Auta, duk yadda kika gani." Yayata ma haka. Wallahi ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba. Kowa ya yarje min, ba wanda ya kama min.

Na yi istihara, na ce a daina.

Na wanke randa na cika, na kawo mata a moɗa. Ta sha a hankali, ta goge baki da mayafi, ta dube ni. "Ke kin fi waccan kirki. Allah ya saka wa uwar da ta haife ki."

Na ce amin. Kwana goma sha ɗaya ta ƙara.

Har yau ban tabbata daidai na yi ba, ba ni kuma da wanda zan tambaya. Abin da na sani kawai, Inna ba ta tafi da ƙishirwa ba.