Garin da Ashafa Ya Gina da Baki

Duk wanda ya taɓa kai rediyo ko bidiyo gyara Ƙofar Ruwa a shekarun baya ya san Ashafa, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne siririn nan mai tabarau ɗaure da zare, wanda in ka kai masa na'ura sai ya fara tambayarka fim ɗin da ya maƙale a ciki kafin ya tambayi abin da ya same ta. In fim ɗin bai yi masa ba, to ka gyara tsayuwa, za ka sha bayani. Ni maƙwabcinsa ne a unguwar Koki, Isyaku sunana. Tare muka yi allo, tare muka yi firamare, ni na zarce na zama malamin makaranta, shi ya tsaya wajen waya da dalma. Tun muna samari muke musu a kan abu ɗaya, kuma har gobe ban yarda ya fi ni gaskiya ba.

Ni mutumin fina-finan takobi ne, na dodanni masu aman wuta da tsofaffi masu dogon gemu da sandar tsafi. Shi kuwa sai na sararin samaniya: jirage masu yawo tsakanin taurari, da mutum-mutumin ƙarfe mai magana.

"Malam Isyaku, naku duk ha'inci ne," haka yake ce mini. "Da an shiga uku sai tsoho ya ɗaga sanda, shi ke nan an tsira. A namu kuwa in jirgi ya lalace, sai wani ya kwanta a ƙarƙashinsa da sufana ya yi gumi."

Ni kuma in tambaye shi, jirgin nan nasa da ke tafiyar shekara dubu, a wane gidan mai yake tsayawa? Na ukunmu Jafaru tela ne, shi ba ruwansa da labari, tufafi yake kallo. Ƙorafinsa kullum ɗaya ne: mutanen gobe sun ƙera komai, amma sun kasa yi wa rigarsu aljihu.

Akwai abin da Ashafa ba ya yafe wa kowane fim, nasa ko nawa, shi ne a kashe mutum sannan a tashe shi. In jarumi ya mutu aka yi jimami, can gaba sai ga shi ya buɗe ido, nan take Ashafa zai kashe bidiyon, ko da mutum goma ne ke kallo. "An sa ni hawaye, sannan a ce mini wasa ake? Wannan raini ne." Mun sha yi masa dariya a kan haka, shi ko a jikinsa.

Sai ga wannan Juma'ar da aka kai wa Kano hari. Ba zan ba da labarinta ba, kowane ɗan garin yana da nasa. Abin da ya biyo baya shi ne dokar hana fita, da shingaye a kan tituna, da sauka daga babur ana tura shi har a wuce jami'an tsaro. Aka daina son taro. Gidajen kallo suka rufe, wuta ba ta zuwa, ba kuma wanda ke son ƙarar janareto ta hana shi jin abin da ke faruwa a waje. Kasuwa ta koma tashi da wuri. Da la'asar duk muna gida, muna kallon juna kamar kaji a akurki. Ashafa, da bai taɓa kwana bai kalli wani abu ba, ya fara ramewa a kan ramarsa.

A nan ne ya tuno wani abu. Can baya wani ɗalibin jami'a ya taɓa kawo masa kwamfuta gyara, da wani wasa a ciki wanda kake zaɓar ko kai wane ne, mayaƙi ko mai magani ko ɓarawo, ka shiga wata ƙasa kana yawo. Ɗalibin ya gaya masa cewa asalin wasan da baki ake yi. Mutum ɗaya ya riƙa faɗin abin da ake gani, sauran su faɗi abin da za su yi, in abu ya zo na sa'a sai a jefa ɗan ludo ya raba gardama. Ashafa ya kira ni da Jafaru zaurensa ya ce yau za mu shiga fim da ƙafarmu.

Don a zauna lafiya ya haɗa nawa da nasa. Ya gina mana wani birni mai ganuwa a kan tauraro, dodanni a bayan gari, jirage a sama. Ni na ɗauki takobi, Jafaru ya zama mai magani, da riga mai aljihu har a baya. Jafaru ya zo da ɗan ludo, Ashafa ya ce a'a, dattawan unguwa za su leƙo su ce caca muke. Sai ya samo ƙwallayen dabino, ya ƙona wa kowanne gefe ɗaya da ƙarfen dalmarsa. In baƙaƙe suka fi yawa ka faɗi, in farare suka fi ka ci. Taswirar gari kuwa, ya ce ɓarnar takarda ce. Ya zuba rairayi a faranti yana zana lunguna da ɗan yatsa, in mun wuce ya shafe.

Wayon Ashafa ke nan. Ya guje wa a kira shi ɗan caca, bai lura da abin da ya koma kama da shi ba. Mutum zaune gaban farantin rairayi, yana zane da yatsa, yana jefa ƙwallaye, yana faɗin abin da ke ɓoye, wasu biyu sun zuba masa ido. Ko yaro ka nuna wa ya ce maka bugun ƙasa ake yi. Ni da karatuna ban gani ba, balle Jafaru.

Na so waɗannan yammacin ƙwarai, ba zan ɓoye ba. A waje ba ka san dalilin komai ba, ba ka san wa za ka tambaya ba. A zauren Ashafa kuwa in dodo ya cinye ka, ka san kuskuren da ka yi. Kuma dokarsa tana nan daram. Ranar da mai maganin Jafaru ya faɗa rijiya, ƙwallaye suka fito baƙaƙe, Jafaru ya yi magiya har da haɗa shi da iyayensa. Ashafa ya ce, "Allah ya jiƙansa." Kwana da kwanaki Jafaru bai leƙo ba, daga baya ya dawo a matsayin ƙanin mamacin, wai ya zo karɓar gado.

Bayan katangar Ashafa akwai Inna 'Yardada, mai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ita ta yi goyon Ashafa yana jariri lokacin da mahaifiyarsa ta yi jinya. Ɗanta Yero ɗan acaɓa ne. Ya fita da babur a wannan Juma'ar bayan an sauko daga masallaci, bai dawo ba, ba shi ba babur ɗin. Mazan unguwa, har da Ashafa, sun zaga asibitoci da ofisoshi da hotonsa, ba wanda ya ce ya gan shi da rai, ba wanda ya ce ya ga gawarsa. Da yake ɗan fari ne, Inna ba ta faɗin sunansa. "Wancan yaron" take cewa.

Wata la'asar muna cikin wasa, muna neman wani fursuna a gidan sarkin dodanni. Na ce zan kasa kunne a jikin bango. Ashafa ya jefa ƙwallaye, ya duba, ya ja layi a rairayi ya ce, "Yana nan da rai. An kulle shi a ɗaki na can ƙarshe, ya galabaita, amma yana da rai." Daidai lokacin Inna ta shigo zauren da kwalbar mai za ta kai wa Zaituna, matar Ashafa. Ta tsaya cak, ta dubi farantin. Muka gaishe ta, ba ta amsa ba, ta shige cikin gida.

Washegari ta dawo da goro a ƙunshin ganye da ƙyallen farin yadi. Ta ajiye a gaban Ashafa, ta durƙusa.

"Malam Ashafa," ta ce. Ita da tun da nake ban taɓa jin ta kira shi da wani abu ba sai "ɗan nan".

Ashafa ya zabura har tabaraunsa ya zame. "Subhanallahi! Inna, tashi don Allah."

"A duba mini wancan yaron. Jiya na ji ka gano na wasu."

"Inna, wasa ne. Wallahi wasa muke. Garin nan babu shi, ni na ƙirƙire shi."

"Duk haka kuke cewa da farko. Ba zan gaya wa kowa ba."

"Ƙwallon dabino ne fa, Inna. Ni na cinye dabinon da bakina."

"To jefa mini shi haka nan."

Jafaru ya matso ya raɗa masa, amma na ji: "Jefa mana, ka ce yana da rai. Me zai ragu a jikinka?" Ni a lokacin ban san wanne ne tausayin ba. Ashafa ya daɗe yana kallon hannunta a kan ƙunshin goron. Sai ya ɗauki farantin ya juye rairayin a ƙasa.

"Ban san gaibu ba, Inna. Allah kaɗai ya sani. In na ce miki yana da rai, kullum za ki kwana da kunne a ƙofa saboda maganata, alhali ƙarya na yi miki. Ba zan iya ba."

Ta miƙe a hankali, tana dafa bango. "Ashe har da kai," ta ce. Ta fita ta bar goron a nan.

Wasa ya mutu daga ranar. Ashafa ya je da kansa ya yi wa limamin unguwa bayani kafin magana ta yi nisa. Liman ya saurare shi, ya girgiza kai, ya ce nan gaba in zai gina gari ya nemi takarda kamar kowa. Wannan ya wuce. Abin da bai wuce ba shi ne Inna. In Ashafa ya gaishe ta sai ta kau da kai. Ta daina aiko da mai. Shi kuma bai fasa ba, duk wanda ya kawo gyara daga wani gari sai ya nuna masa hoton Yero. Ya taɓa ce mini, "Malam Isyaku, da na yi mata ƙaryar nan da yanzu tana barci." Na ce masa da yanzu kai ne ba ka yi. Ya ce ai ko yanzun ba ya yi.

Bari in faɗa tun yanzu, don kada wani ya sa rai: ba a ga Yero ba, har yau da nake wannan rubutu.

Damina ta kusa sauka sai Zaituna ta kawo saƙo. Wai Inna ta ce me ya sa zauren ya yi tsit? Da can tana jiyo hayaniyarmu ta katanga, yanzu shirun ya yi mata yawa. Muka dubi juna. Ashafa ya samo bayan kwalin wata tsohuwar talabijin ya zana garin da biro, ya aiki Jafaru ya ɗauko ɗan ludon nan da aka raina, muka koma.

Ba a jima ba ta fara zuwa da kujerarta 'yar tsuguno da ƙwaryar gyaɗa. Ta zauna bakin ƙofar shiga gida tana ɓara, ba ta kallon kowa. Da farko ba ta magana. Sannu a hankali ta fara sa baki. Ta ce dodon nan wawa ne, wa ke barin ƙofar gidansa a buɗe. Ta ce mai takobin nan, wato ni, surutunsa ya fi saransa yawa. Jiragen sama kuwa ta ce ba ta ga amfaninsu ba tunda ba a ɗaukar kaya a kai. Ashafa yana jin haka ya fara kare jiragensa da zafi, ya manta ba sa shiri, ita ma ta manta.

Wata rana mun tsaya a ƙofar birnin muna shawarar hanyar da za mu bi, sai ta ajiye ƙwaryar.

"Ɗan nan."

"Na'am, Inna."

"A garin nan naka, akwai inda ake ajiye waɗanda suka fita ba su koma gida ba?"

Ashafa ya cire tabarau ya goge. "Inna, garin nan a bakina kawai yake. Ba na so ki ɗauka..."

"Na ji. Ni ba kurma ba ce, kuma ban haukace ba. Tambayarka na yi."

Ashafa ya mayar da tabaraunsa. Jafaru ya tura masa ɗan ludon, Ashafa ya ture shi gefe.

"Akwai," ya ce. "Wani gida ne kusa da ganuwa, mai faɗin tsakar gida. Akwai bishiyar darbejiya da rijiya. Ba a kulle ƙofarsa, hanyar ce dai take da wuyar ganewa."

"Ana dukansu?"

"Ba mai taɓa su."

"Suna samun ruwan alwala?"

"Randa a cike take kullum."

"Abinci fa?"

"Safe da yamma. Tuwo da miyar kuka, da man shanu."

Inna ta girgiza kai. "Ba ya cin kuka. Tun yana ƙarami, ko ƙamshinta ba ya so."

Na sunkuyar da kai, don idona ya cika. Jafaru ya juya yana kallon bango. Ashafa ya matso kusa da ita.

"Me yake so, Inna?"

"Kuɓewa ɗanya. Kada a cika yaji."

"Za a gaya wa mai girkin," in ji Ashafa. "Daga yau."

Ta gyaɗa kai, ta jawo ƙwaryarta ta ci gaba da ɓarar gyaɗa.