Ranar da Muka Sauko wa Maigida

Kafin in zama direba a Madina, shekara goma sha ɗaya na yi ina busa saksafon a wata ƙungiyar kiɗan jaz a Kano. Mu goma sha huɗu ne, a ƙarƙashin wani dattijo mai busa ƙaho da muke kira Maigida. Mutum ne mai kunne, kuma mai faɗa. Ko sauro ya yi kuka a ɗakin gwaji sai ya ce bai yi daidai ba.

Faifanmu na ƙarshe mun ɗauke shi ne a wani situdiyo mai zafi, dukanmu a ɗaki ɗaya, don Maigida ba ya yarda a ɗauki kowa daban a harhaɗa. A ranar farko muka gane abin da ke faruwa. Kunnensa ya fara tafiya, muryar ƙahonsa ta yi ƙasa kaɗan da tamu, shi kuwa bai sani ba. Muka dubi juna. Wa zai buɗe baki ya ce wa Maigida ya kauce? Da ya fita alwalar azahar, ba tare da wani dogon zance ba, kowa ya sauko da nasa. Mu masu busa muka ɗan zaro bakin ƙahoninmu, masu jita suka sassauta tsirkiya, mai fiyanon lantarki ya murɗa saitinsa. Haka muka yi kwana tara. Faifan ya fito lafiya, aka yaba, ba wanda ya ji komai. Mu a lokacin gani muke mun yi ladabi.

Bara ya zo Umara, 'yarsa na tura shi a keken guragu. Na ɗauko su zuwa ɗakina a unguwar Al-Azizya, muka ci shinkafa, aka sha shayi. Sai an sa baki a kunnensa yake ji. Da 'yar ta tashi wanke hannu, ya jawo rigata.

“Kana da faifan nan na ƙarshe?”

Na ce yana cikin wayata.

“To sa mini.”

Ni dai tun da na zo garin nan ban taɓa kunna kiɗa a cikin iyakar Harami ba. Ba wanda ya hana ni, kunya ce kawai. Na ce masa gobe da hantsi za ni Badar sayo dabino, ya zo mu tafi. Ya yi dariya ya ce, “Ashe ka zama ustazu.”

Washegari da muka wuce alamar iyaka na haɗa wayar da rediyon mota. Ƙahoni suka tashi gaba ɗaya, sai na ji kewar mutanen nan ta kama ni, kuma biyar daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya. Maigida ya ɗora tafin hannunsa a jikin ƙofa inda sautin ke fita. Yana bin gangar da kai, amma na san busar ba ta isa gare shi. Duwatsu baƙaƙe suna wucewa.

Can ya ce in tsaya. Na gangara gefen titi.

“Ban taɓa jin faifan nan sosai ba,” in ji shi. “Ina gaya wa mutane har na ajiye ƙaho kunnena bai ci amanata ba. Kai kana wurin. Tsakaninka da Allah, na yi daidai?”

Na so in ce e. Kalma ɗaya ce, tsoho ya koma gida da farin cikinsa. Amma ya haɗa ni da Allah, ga shi ko awa ɗaya ba mu yi da barin garin Manzo ba. Na matsa kusa da kunnensa na gaya masa komai, da ƙarfi, don ba yadda za a yi a faɗa masa a hankali.

Ya dubi titi.

“Dukanku?”

“Dukanmu, Maigida.”

“Kwana tara?”

“Girmanka muka duba, wallahi.”

Ya girgiza kai. Ban ga fushi a fuskarsa ba, kuma da fushin ne da ya fi mini sauƙi.

“Shekara talatin ina tsayar da kiɗa saboda mutum ɗaya ya kauce,” ya ce. “Kuna cewa na cika faɗa. Wanda na sa rai da shi ne nake tsayarwa. Ranar da na daina gyara mutum, to na gama da shi ke nan.” Ya share ido da gefen hularsa. “Ashe ku kun riga kun gama da ni, ina tsaye a gabanku ina kaɗa hannu.”

Na ce ya yafe mana. Ya ce ya yafe, har da waɗanda suka rasu. Ya gyara zama, ya ce in ja mota kada rana ta yi mana.