Baƙin Lallen Inna Rahmatu

A Gwaram, in ka ga amarya ta sha ƙunshi mai kyau, ba sai ka tambayi wanda ya yi ba, Inna Rahmatu ce. Hannunta ba shi da nauyi ko kaɗan. Amare da yawa sun yi barci tana zana musu fure, ba su farka ba sai da ya bushe. Aibinta ɗaya, ba ta yarda da kowa ba. Ko garin lalle aka sayo mata a kasuwar Birnin Kudu sai ta shinshina, ta murza, ta ce an haɗa da kuka. Mai babur in ya rage mata hanya don Allah, sai ta wuni tana tunanin abin da yake nema.

Allah bai ba ta haihuwa ba. Nasiha, 'yar ƙanwarta mai rasuwa, ita ta goya, ta tsaya mata har ta gama jami'a a Dutse. To, wannan Nasihar ce ta ɗauko abin da ya hana Inna sakat. Kullum tana ɗaki tana yi wa waya wani yare, tana sunkuyar da kai.

"Ke Nasiha, wa kike wa ruku'u?"

"Gaisuwarsu ce, Inna. Wani kamfanin jirgin sama na Japan ne ke ɗaukar masu kula da fasinja. Na tsallake ganawar waya, jibi za su gan mu ido da ido a Abuja."

"Me suka tambaye ki?"

"Tsawona, da ko na iya ninƙaya, da ko ina da tabo ko zane a inda ake gani. Ko lalle ba sa so."

Inna ta taɓa raka mijinta sayen ragon layya, kuma haka ta ga ana yi: a duba tsayi, a duba lafiya, a nemi tabo. Ta kuma sha jin labarin 'yan matan da aka kwasa da sunan aiki, aka daina jin ɗuriyarsu. Duk Japan ba 'yan mata ne, sai an zo Gwaram? Nasiha ta nuna mata hotunan ma'aikatan a waya. Inna ta ce hoto ai ko ita an taɓa gyara mata har ta koma budurwa.

Washegari bayan azahar Nasiha ta gama guga, ta shirya jaka, barci ya kwashe ta a kan tabarma. Inna ta kwaɓa baƙin lalle, irin mai kamawa nan take, wanda ke yin makonni bai fita ba. Tsoro ne ya sa ta, tana yi hawaye na zuba. Amma ko a nan ta kasa yin aikin banza, fure ta ja tun daga yatsu har wuyan hannu, irin wanda ba ta taɓa yi wa wata amarya ba.

Da Nasiha ta farka, ta daɗe tana kallon hannuwanta. Ta dirje da lemon tsami, da toka, da kananzir, har fatar ta fara ɗayewa. Haka ta tafi.

Da ta dawo, a tsaye ta ba da labari. "Sun kalli hannuna, Inna. Suka sunkuya mini cikin ladabi, suka ce za su neme ni."

"Ba na faɗa ba? Kayan da aka taɓa ne ba sa so."

Ba su neme ta ba. Ko kamfanin gaskiya ne, ko 'yan damfara ne, ba wanda ya sani a Gwaram. Inna dai har yau cewa take rai ta ceta, sai dai an lura ko ba a tambaye ta ba sai ta faɗa.

Nasiha ta samu koyarwa a Birnin Kudu. Takan zo gida, ta durƙusa ta gaida Inna, hannuwanta na cikin hijabi. Bara aka sa bikinta. Ranar ƙunshi Inna ta kwaɓa lalle tun safe, ta share tsakar gida, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta zauna jira. Sai bayan la'asar aka shigo da amarya, an riga an yi mata a wajen wata yarinya 'yar koyo daga Kiyako. Furen a karkace yake, wani wajen ma ya caɓe.

Nasiha ta miƙa hannuwan biyu a gabanta. Inna ta duba da kyau, ta sake dubawa.

"Ya yi kyau," in ji ta.