Salula Ta Kusa Raba Aminai

Ku kasa kunne, ƴaƴana, yau na kashe faɗan da salula ta haɗa!

Jikata Rakiya tana sayar da turaren wuta a unguwar Kalley. Aminai biyu, Hadiza da Zalika, ke yi mata talla a salula, kowace da nata tallan, wadda ta kawo mai saye ta ci la'ada. Salula ta ce Hadiza ta kawo wata hajiya. Zalika ta rantse tata ce!

Da hajiyar ta zo, na ce, "Hajiya, wa ya aiko ki?"

Ta ce, "Inna, tallan Zalika na gani. Cajina ya ƙare, na ari salular maƙwabciya, na danna tallan Hadiza da na tarar a ciki."

Na ce, "Kowace ta ɗaura wa kwalbar da ke hoton tallanta zare mai launi daban, mai saye ta faɗi launi."

Zalika ta samu la'adarta, Hadiza ta zaɓi ja, Rakiya ta tafi sayen zare.